Dillali ya ce dala dubu 100 a asusu ta isa bizar masu zuba jari a Amurka. In biya shi?

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 46, na yi shekara 17 ina sayar da kayan gyaran mota, da yaran shago shida a ƙarƙashina. Na daɗe ina son komawa Amurka da iyali saboda karatun 'ya'ya. Wani abokina da ke can ya samo min shagon wanki da inji da ake sayarwa dala dubu 170. Mai shagon ya yarda in ba da dubu 100, sauran in riƙa biya kaɗan-kaɗan, injinan su zama jingina. Wani dillalin biza ya ce akwai bizar masu zuba jari, E-2, da zarar na yi rajistar kamfani na ajiye dubu 100 a asusu an gama, bayan shekara biyu sai katin zaman dindindin. Yana son dala dubu 8 kafin alƙalami. Idan na sayar da shagona da wani fili zan haɗa dubu 120. Fasfona na Najeriya ne. Mai ɗakina 'yar Kamaru ce, har yau fasfon ƙasarta take riƙe da shi, kuma ita ke riƙe min lissafin shago. Babban ɗanmu shekararsa 19, ƙanwarsa 12. Ita dai ta ce ba ta yarda da dillalin ba, har mun kwana uku muna ɗan gaba. Me zan yi?

Mai neman mafita

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Kuma yau ɗin nan ka je ka ba uwargida haƙuri, domin gaskiyarta ce, kuma kamar yadda za ka gani a ƙasa, mabuɗin ƙofar da kake nema a cikin jakarta yake.

Bizar E-2 gaskiya ce, akwai ta, kuma ƙananan 'yan kasuwa da yawa da ita suke zaune a Amurka. Sai dai tambayar farko da jami'in biza ke yi ita ce fasfon wace ƙasa ke hannunka, tun kafin a zo maganar nawa ka tara. Bizar ta tsaya ne kan yarjejeniyar ciniki ko ta zuba jari tsakanin Amurka da wasu ƙasashe kimanin 80, kuma ɗan ƙasar da ke cikin jerin ne kaɗai zai iya nema. A Afirka jerin gajere ne: Kamaru, Senegal, Togo, Laberiya, Habasha, Masar, Maroko, Tunisiya da Kongo guda biyu. Najeriya ba ta ciki, Nijar ba ta ciki, Ghana ba ta ciki. Ko dala miliyan biyar ka ajiye, da koren fasfonka ba za ka zama mai neman E-2 ba. Dillalin da ya ji ƙasarka, ya ci gaba da lissafa maka kuɗin aiki, ko dai bai san shafin farko na sana'arsa ba, ko ya sani ya yi shiru. Duka biyun ba wanda ya cancanci dubu 8.

Wataƙila in ka matsa masa zai ce ai ana sayen fasfon Giranada, wani tsibiri a yankin Karibiyan, ko na Turkiyya, tunda su suna cikin jerin. A da wasu sun bi ta nan. A Disambar 2022 majalisar dokokin Amurka ta toshe gajeriyar hanyar: wanda ya samu zama ɗan wata ƙasa ta hanyar zuba kuɗi sai ya zauna a ƙasar shekara uku a jere kafin ya nemi bizar. Balle ma kuɗin fasfon kaɗai ya fi duk abin da ka tara.

Yanzu ga wurin da wasiƙarka ta bambanta da irinta da na saba gani. Kamaru na cikin yarjejeniyar tun 1989. Dokar kuma ba ta ce sai miji ko matar mai zuba jari sun kasance 'yan ƙasa ɗaya da shi ba. Ma'ana uwargida za ta iya zama ita ce mai zuba jarin, kai da 'ya'yan da ba su kai 21 ba kuma ba su yi aure ba ku bi ta a matsayin iyali. Tun ƙarshen 2021 ma, miji ko matar mai E-2 na da izinin aiki a Amurka kai tsaye, a ko'ina, har da cikin shagon nasu. Ita kuwa mai bizar a kamfanin da ta zuba wa jari kaɗai za ta yi aiki.

Na san abin da ya faɗo maka a rai: a sa sunanta a takarda, kai ka ci gaba da juya komai. Tsaya nan tukuna. Doka ta ce aƙalla kashi 50 cikin 100 na kamfanin ya zama mallakar 'yan ƙasar yarjejeniyar, kuma mai neman bizar ya zo ne don ya raya kasuwancin ya kuma ja ragamarsa. Ita za ta tsaya gaban jami'i. Ita za a tambaya injina nawa ne a shagon, nawa ake biyan haya a wata, me ya sa aka zaɓi wannan unguwa, wa za a ɗauka aiki a shekara ta biyu. Idan tana waiwayowa wajenka a kowace tambaya, an gane. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a dokar shige da fice ta Amurka, wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan kan muhimmin abu don samun biza yakan sha haramci na har abada. Sa'ar da kuka yi ita ce ba ku buƙatar ƙarya. Mace da ta yi shekaru tana riƙe lissafin shago mai ma'aikata shida ta san ciki da wajen kasuwanci, ƙila ma ta fi ka sanin inda kuɗin ke zurarewa.

Amma ka yi wa kanka tambayar da lauya ba zai yi maka ba. Za ka iya miƙa mata gumin shekara 17 a rubuce, da shaidu, ya zama nata ko rabinsa nata a idon doka? Za ka iya zama a ƙasar da izinin zamanka ya rataya a kan nata? Domin haka tsarin yake. In Allah ya kiyaye aure ya mutu, izininka ya mutu tare da shi. In ita ta ce ta gaji za ta koma gida, kowa zai naɗe tabarmarsa. Akwai mazan da wannan ba ya damun su ko kaɗan, akwai kuma waɗanda za su ce sun yarda a baki, sai an isa can abin ya riƙa cin su a rai har ya ɓata gidan. Kai ka san wane ne kai a cikinsu. Kuma ita ma a tambaye ta. Cewa da ta yi ba ta yarda da dillali ba, ƙila dillalin ne kawai, ƙila kuma tafiyar ce gaba ɗaya ba ta kwanta mata ba, ta rasa ta inda za ta ɓullo maka.

Sai maganar dubu 100 ɗin. Babu irin wannan adadi a dokar E-2. Ba a ƙayyade mafi ƙarancin kuɗi ba sam. Abin da aka ce shi ne jarin ya zama mai tsoka idan aka gwada shi da jimillar kuɗin sayen kasuwancin ko kafa shi. Gwargwadon ƙanƙantar kasuwanci, gwargwadon yawan kason da ake son a ga ka zuba. Mai masana'antar dala miliyan 100 zai iya wucewa da kaso kaɗan don kuɗin da kansa ya yi magana. Mai ƙaramin shago kuwa ana son a ga ya biya kusan duka. Dubu 100 ɗin da ke yawo a bakin mutane ƙiyasi ne na masu harkar, bai zama sharaɗi ba.

Kuɗin da ke kwance a asusu kuma ba jari ba ne a wurinsu. Nan ne mafi girman ƙaryar dillalinka. Sharaɗin shi ne kuɗin ya riga ya shiga kasada, a ce in kasuwancin ya karye an yi asararsa, kuma ba za ka iya janye shi yau don ka sauya shawara ba. Abin da ake so a gani shi ne yarjejeniyar saye da aka sa wa hannu, takardar haya, rasit na injina da kaya, lasisin gari, inshora. Wato ka kashe kuɗin tukuna, sannan ka je ka roƙi biza, kuma ana iya hana ka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai dai sassauci ɗaya da hukuma ta amince da shi, kuma ku dage a kansa: a ajiye kuɗin sayen shagon a hannun amintaccen kamfani na uku, da sharaɗi guda tak, in an ba da biza a sakar wa mai shago, in an hana a dawo muku da shi. Ana lissafa wannan a matsayin jarin da aka zuba. Idan mai shagon ya ƙi wannan tsari, to ya gaya muku wani abu game da kansa.

Tsarin biyan da mai shago ya kawo ma akwai ƙura a ciki. Bashin da aka jingina da kadarorin kasuwancin kansa ba ya shiga lissafin jari, saboda in abin ya rushe injinan za a kwashe, ba dukiyarku ba. Don haka a idon jami'i kun zuba dubu 100 ne a kasuwancin dubu 170, abin da bai kai kashi 60 ba. Ga ƙaramin shago wannan raunanniyar hujja ce. Bashin da aka ci da jinginar gida ko filin mutum na kansa, ko wanda aka ci da sa hannunsa kawai ba tare da jinginar shagon ba, shi yana shiga. Kyauta daga ɗan'uwa ma tana shiga, muddin an nuna inda shi ɗan'uwan ya samo.

Wannan ya kawo mu wurin da 'yan kasuwa irinka suka fi sha wuya, wato asalin kuɗi. Kowace dala sai an bi sawunta daga inda ta fito har ta shiga asusun kamfani. Takardar sayar da fili, bayanan banki na shekaru, shaidar biyan haraji, takardar kyauta daga gare ka zuwa uwargida, shaidar aika kuɗi ta banki. Mutumin da ya yi shekara 17 yana ciniki tsaba hannu da hannu zai iya zama mai gaskiya ƙwarai, amma jami'in da bai taɓa ganinsa ba takarda kawai zai karanta. Kuma kada ku aika kuɗin ta hannun wani ya ba abokinka a can, ko da ya fi sauƙi ya fi araha. Da zarar sawun ya yanke, kuɗin ya zama maraya. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ma za a yi tafiyar, tattara takardun nan zai ci watanni.

Akwai sharaɗi na ƙarshe da dillalai ba sa son ambata. Kasuwancin kada ya zama na ci da kai kawai. Dole ya nuna yana iya samar da fiye da abin da zai riƙe mai shi da iyalinsa, yanzu ko cikin shekara biyar, ko kuma yana da wani tasiri na a zo a gani, wanda a aikace yawanci ɗaukar ma'aikata ne. Shagon wanki da inji irin wanda mutane ke zuwa su wanke da kansu ba ya cin ma'aikata da yawa, don haka tambayar za ta zo da ƙarfi. Kafin a yi maganar saye, ku nemi takardun harajin shagon na shekara uku, jerin albashi, da takardar haya don ku ga shekara nawa suka rage da ko mai ginin ya yarda a sauya suna. Ku nemi takardun kuɗin ruwa da wuta da gas. Mai shago zai iya faɗin duk cinikin da ya ga dama, amma injin da bai yi wanki ba bai sha ruwa ba. Ku tambayi shekarun injinan. Ku tambayi dalilin sayarwa. Abokinka ƙila da zuciya ɗaya yake, amma yana da kyau ka tambaye shi a fili ko akwai la'ada a cinikin. Sayen shagon da ba ku gani ba, ba akawu mai zaman kansa da ya duba littattafansa, sayen kifi ne a ruwa.

Ka kuma yi lissafin abin da zai rage. Dubu 120 a cire dubu 100, saura 20. A ciki za a biya lauya, akawu, kuɗin biza na mutum huɗu, tikitin jirgi, kafin alƙalamin gidan haya, mota, inshorar lafiya, da abin da za a ci kafin shago ya fara tsayawa da ƙafarsa, ga bashin dubu 70 yana jira kowane wata. Ni ban ga yadda lissafin nan zai fita ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin abin da ke faruwa da shagon da aka buɗe ba a bar masa kuɗin juyawa ba.

Batun katin zaman dindindin bayan shekara biyu, wannan zancen kanzon kurege ne. E-2 bizar zama na ɗan lokaci ce. Shekara biyun da dillalin ya ji, wa'adin da ake ba mutum ne duk lokacin da ya shiga ƙasar, ana kuma iya sabuntawa ba iyaka muddin kasuwancin na raye. Mutum zai iya yin shekara 20 a haka bai matsa kusa da katin ko taku ɗaya ba, hasali ma sai ya bayyana niyyar barin ƙasar in izinin ya ƙare. Ranar da shago ya rufe, abin da ya rage kwanaki ne, 60 a mafi yawa. Bizar da ke kai wa ga katin ita ce EB-5, wadda aka kafa a 1990. Bayan gyaran dokar 2022, tana neman dala miliyan 1 da dubu 50, ko dubu 800 a yankunan karkara da wuraren da rashin aiki ya yi yawa, tare da samar da cikakkun ayyuka 10. Ina zaton dillalinka ya ɗebo sauƙin waccan ya haɗa da ladan wannan ya miƙo maka a faifai ɗaya.

Tunda ka ce don karatun yara kake wannan fafutuka, dubi babban ɗanka. Shekararsa 19. Kafin a tattara takardu, a sayi shago, a samu ranar ganawa, ya kusa 20. Ranar da ya cika 21 ya fita daga inuwar bizar mahaifiyarsa, sai ya nemi tasa, galibi ta ɗalibi, ko ya bar ƙasar. Kafin nan ma zai iya karatu amma ba shi da izinin aiki. Ƙanwarsa na da shekara tara a gaba, ita ma ranar tana nan tafe. In karatun yaron ne ainihin buri, neman masa gurbi a jami'a kai tsaye bai buƙaci ka sayar da komai ba sai abin da zai biya makaranta.

Kada ka yi gaggawar sayar da shagonka, don akwai wata ƙofa da shi ne mabuɗinta. Bizar L-1A ba ta duba yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Ta manajan kamfani ce da ke zuwa buɗe reshe a Amurka, da sharaɗin ya yi wa kamfanin aiki shekara guda cur cikin ukun da suka wuce, kuma uwar kamfanin ta ci gaba da aiki a gida. Sabon reshe shekara ɗaya ake fara ba shi, jimilla ba ta wuce bakwai, kuma tana da hanyar da kan iya kai wa ga katin dindindin. Ba sauƙi ke gare ta ba. Ana son kamfani mai rajista, da littattafai, da albashi a rubuce, da shaidar cewa kai jagora ne mai mutane a ƙarƙashinsa, ba mai tsayawa a kantar shago yana sayar da kaya ba. Shago mai yara shida yana bakin gaɓa. Amma in ka sayar, ko gaɓar babu. Ingila kuwa, in wani ya kawo maka zancenta, ta rufe bizarta ta masu zuba jari tun Fabrairun 2022.

Abu ɗaya kuma da ya shafi kowace hanya: a Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana ko ta taƙaita biza ga 'yan wasu ƙasashe, ciki har da Kongo Brazabil da Togo duk da suna cikin yarjejeniyar E-2, a ƙarshen shekarar kuma aka faɗaɗa jerin. Bizar kowa a fasfonsa ake bugawa, don haka matsayin ƙasarku duka biyu sai an duba shi a shafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka a ranar da za a yanke shawara. In kuma wani ya ce ku shiga da bizar ziyara ku fara gudanar da shago kafin a daidaita takardu, ku toshe kunne. Mai bizar ziyara ta kasuwanci zai iya duba shago, ya gana da lauya, ya sa hannu a yarjejeniya, amma ba zai tsaya yana aiki a ciki ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. In fara zama da uwargida, ba don in shawo kanta ba, in ji ko tana son tafiyar, da ko tana son ta zama mai kamfani da gaske. In ta ce a'a, maganar E-2 ta ƙare a nan, sai a koma kan karatun yaron da gyara takardun shagon gida. In ta ce e, ku biya kuɗin ganawar awa ɗaya da lauyan shige da fice mai lasisi a Amurka. Kowace jiha na da hukumar lauyoyi da ake iya duba sunan mutum a intanet, ku duba kafin ku biya. Ku je masa da fasfo biyu, da bayanan banki, da takardun harajin shagon wankin in mai shi ya yarda ya bayar, ku tambaye shi ko ya taɓa yi wa ɗan Kamaru irin wannan aiki. A ganawar, ka bar ta ta yi magana.